Kwanon Ciyayya

Aliero,
14 ga Yuli, 1996.

Zuwa ga aminiyata Helen, Maman Ezra,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Bulus da yara. Yaya Zuru, yaya aikin asibiti? Tun da aka ɗauke ki daga Jega ban sake samun wadda zan zauna in cika wa kunne ba. Matan nan duk hirarsu albasa ce, ta tashi ko ta faɗi. ’Yata Umaima tana gaishe ki, har yanzu takan gaya wa ƙawayenta cewa ke kika karɓi haihuwarta, sai ka ce tana tune da ranar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar Alhaji, maigidana. Da bazarar nan suna lodin albasa a Jega sai ƙirjinsa ya riƙe. Ya ce ji ya yi kamar an aza masa buhu, nauyin ya gangara hannun hagu, zufa ta karyo masa. Ya zauna a inuwar mota, abin ya sake shi, ya tashi ya ci gaba da harkarsa bai gaya wa kowa ba. Sai da abin ya maimaita a gabana, yana ɗaura rawani, sannan na sani. Da ƙashi ne ya goce, ai kin san garinmu, a tsakar gida za a ɗora shi kafin tuwo ya nuna. Wannan kuwa ba hannun da ke kai gare shi. Na tayar masa da hankali da kuka har ya yarda muka tafi babban asibiti a Sakkwato.

Sun ɗebi jininsa da safe kafin ya karya. Likitan ya ce maiƙon da ke cikin jininsa ya yi yawa ƙwarai, abin da kuke kira kwalastaral. Ya ce iri biyu ne, akwai mai amfani wanda ke share hanya, akwai mugun wanda ke manne wa a jikin jijiya. Na Alhaji mugun ne ya hau, mai amfanin ya yi ƙasa. Da ya ji manomi ne sai ya kwatanta masa da tiyon ban-ruwa, yadda laka ke taruwa a ciki a hankali, ruwa yana raguwa, har ranar da zai toshe, fadama ta bushe. Ya ce zuciya ita ce fadamar. Alhaji ya gane nan take, ya fi ni ganewa ma.

Abin da ya kashe min jiki shi ne da likitan ya duba ɗigon nan masu ruwan ɗorawa da ke fatar idon Alhaji. Inna, mahaifiyarsa, kullum alfahari take da su, wai tambarin gidansu ne, mijinta ma yana da su. Likita ya tambayi yadda mahaifin ya rasu. A gona ya faɗi a ƙauyen Kashin Zama, ko furfura bai gama yi ba. Wan Alhaji kuma a kan buzun salla ya faɗi. Nan na gane ɗigon alamar maiƙon ne, kuma gado ne.

An hana shi man shanu, da kitse, da ƙwaƙwalwa, da kayan ciki, an ce a rage suya, ya riƙa cin kifi da wake da ganye, ya riƙa tafiya da ƙafa. An rubuta masa ƙwaya, da ƙyar aka samo ta. Helen, mutumin da ko kunu sai ya jefa masa man shanu! Tabawa, wadda ke kawo mana man daga Andarai tun ina amarya, da na ce mata ta dakata, kallona ta yi kamar na zage ta.

Kin dai tuna ciyayyar ƙofar gidanmu, yadda bayan Magariba ake fito wa kowane magidanci na layinmu da kwanonsa, su haɗa a tabarma ɗaya su ci tare. Ni ban taɓa zama a wurin ba, amma kwanona yana kawo min labari. Da can tas yake dawowa, don ba yabon kai ba, miyata ce ake fara kai wa hannu. Yanzu da rabi yake dawowa. Alhaji ya ce abokinsa Sabi'u ya ɗanɗana ya ce, “Alhaji, wagga miya ta ’yan kaso ta. Mi ka yi ma Malama?” Wai girkin kurkuku nake yi masa. Suka yi ta dariya, shi ma yana yi.

Ni ma na yi dariyar, amma tsoro bai bar ni ba. Ki gaya min gaskiya, ke da kika san aikin, abin da ya riga ya manne yana fita?

Ki gaida Malam Bulus, ki shafa min kan Ezra da Rita.

Taki har kullum,
Zaituna.

Aliero,
20 ga Nuwamba, 1996.

Aminiyata Helen,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Takardarki ta iso, na karanta wa Alhaji ita, ya ce a gaya miki ya ji, Likita ƙarama. Na fahimci abin da kika ce, cewa ba lalle ya fita ba amma ana hana shi ƙaruwa, kuma ba ƙiba ce kaɗai alamarsa ba, siriri ma yana iya ɗauke da shi.

Bari in fara da mai daɗin, don ba shi da yawa. Alhaji ya riƙe dokar fiye da yadda na zata. Ya jingine babur, da ƙafa yake zuwa fadama ya dawo. Ƙirjin ya lafa. Mun koma Sakkwato an sake aunawa, likita ya ce maiƙon ya sauko, har ya miƙa masa hannu. Tumbin nan da kike tsokanarsa da shi ya tafi, rigunansa duk sun yi masa yawa, wuyansa ya fito. Ni a idona ya koma saurayin da na sani.

A idon gari kuwa wani abu ne daban. Kin san sana’arsa, shi ke bin motocin albasa zuwa Anacha da Legas, ya yi makonni a can. Kin kuma san abin da rediyo ke faɗa safe da yamma a kan ƙanjamau, cewa ramewa ce alamarta, kuma matafiya ke kwaso ta. Mutanenmu suka haɗa wannan da wancan. Mutum mai jiki ya zube cikin ’yan watanni, yana zaryar asibitin Sakkwato, yana haɗiyar ƙwaya kullum, to me ya rage? Ba wanda ya faɗa a gabansa. Da ma an faɗa, da ya sami abin amsawa.

Wanzaminsa ne ya fara. Ya zo aski da wata tsohuwar aska daban naɗe a tsumma, ya gama ya ƙi karɓar ruwan da aka kawo masa. A masallaci in Alhaji ya aje buta, haka za ta zauna har a tashi. Ni ma a makaranta malamai mata sun daina shan ruwa da moɗar da na sha, suna yi suna min murmushi.

Ya yi musu bayani a wurin ciyayya, da tiyon da komai. Wani dattijo ya ce shi tun da yake bai taɓa jin mai ya kashe mutum ba, rashinsa dai ke kashewa. Suka ce Allah shi sawwaƙe, aka rufe zancen.

Jiya kwanona ya dawo. Gefe ɗaya kawai aka taɓa, gefen Alhaji. Sauran tuwon yana nan sumul yadda na kwashe shi, har shatin marar yana kai. Na tambaye shi, ya ce wai yau kowa a ƙoshe yake. Daga baya na ji cewa duk kwanon da ya sa wa hannu, sai masu ci su janye ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya tuna da wani uzuri. Yanzu nasa kaɗai yake ci, a bakin tabarma.

Helen, jininsa yana gyaruwa, shi yana lalacewa. Ban san wanne zan kalla ba. Ki sa mu a addu’a irin taku, mu ma muna yin tamu.

Taki,
Zaituna.

Aliero,
23 ga Fabrairu, 1997.

Helen ’yar’uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Mu mun sha ruwa, mun yi Salla, sai dai ban san ko zan kira ta Salla ba.

Mun bi shawararki. Alhaji ya je an yi masa gwajin waccan cutar, ni ma na sa aka yi min. Ba mu da ita, kamar yadda muka sani tun farko. Ya dawo da murnarsa ya gaya wa mutane. Kin san abin da ya biyo baya? Cewa aka yi ai wanda bai san abin da ya aikata ba ba zai kai kansa a gwada shi ba, kuma mai hali ba abin da ba za a rubuta masa ba. Da ana raɗa ne, yanzu an sami abin kamawa. Ba laifinki ba ne, ni ma na ɗauka gaskiya tana isa.

Da azumi ya kama sai ciyayyar ta tashi daga ƙofarmu. Wai ƙofar Maigari ta fi fili. Tabarmar nan tun zamanin mahaifin Alhaji a nan ake shimfiɗa ta. Sabi’u kaɗai ke leƙowa, ya tsaya daga tsaye su gaisa, ya ce ana jiransa. Wata guda Alhaji yana buɗa-baki shi kaɗai a zaure, yana jiyo dariyarsu daga can. Na ce ya shigo mu ci tare, ya ce namiji ba ya cin tuwo a ɗaki kamar maras lafiya.

Sannan wani direba da ya daɗe yana ja masa kaya ya rasu a Kimba, shi kam an ce cutar ce. Alhaji ya je jana’iza. Washegari ya ba ni labari. Ya ce masu wankan gawar leda suka ɗaura a hannuwansu, suna yi suna kau da kai, aka rasa masu ɗaukar makara sai da liman ya yi faɗa. Ya ce ’ya’yan mamacin suna tsaye suna kallo. Ya faɗa min wannan yana duban hannuwansa.

Cikin haka Inna ta zo daga Kashin Zama, inda ta koma da zama bayan rasuwar mijinta. Da ta gan shi sai ta fashe da kuka, ta juyo kaina. Ta ce boko ya sa na mai da ɗanta abin nuni, ina ba shi abincin awaki. Na ƙyale ta. Tsohuwa ce, ta binne miji ta binne ɗa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ya kashe su.

Bayan ta tafi ya kira ni ya ce in aika wa Tabawa. Na ce ba zan aika ba. Na tuna masa tiyo, na tuna masa mahaifinsa da wansa, na ce Umaima fa? Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, “Malama, duk na sani, ni likita yay yi ma bayani. Mutuwa dai tana zuwa ko ta wace hanya. Amma ni ba a wanke ni da leda.”

Kada ki ce jahilci ne, Helen. Da jahilci ne da ina da sauran fata, sai in yi ta bayani har ya gane. Ya gane sarai. Ya auna ne ya zaɓa.

Ban aika ba, kuma ba zan aika ba. Ki rubuto masa da hannunki, wataƙila ya ji taki.

Taki cikin damuwa,
Zaituna.

Aliero,
18 ga Mayu, 1997.

Aminiya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe min jinkirin amsa, na sha ɗaukar takarda in aje.

Ya karanta wasiƙarki har ƙarshe, ya ninke ta da kyau, ya ce Allah shi saka miki, kin cika ’yar halak. Shi ke nan abin da ya ce.

Da na ƙi aika wa Tabawa sai ya koma ci a waje. Ranar kasuwar Jega yakan zauna a bencin mai tsire, a bakin hanya inda duk mutanen Aliero ke wucewa, ya ce a zaɓo masa mai kitse. Ba don daɗi yake ci ba, ya gaya min yanzu har tashin zuciya yake sa shi. Ci yake don a gani. Da Layya ta zo ya yanka rago, ya sa aka kafa kaskon suya a ƙofar gida maimakon ciki, ya zauna a gabansa yini guda yana tsamo ƙoda da hanta yana kiran masu wucewa. Ƙwayar ta ƙare bai sake nema ba, ya ce ganin ta a aljihunsa ma yana cikin abin da ya jawo masa. Ya koma kan babur.

Na ce miki ba zan aika ba. Na aika, Helen. Ya shigo wata rana da la’asar ya zauna a bakin murhu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in dai zai ci abin nan, ya fi son ya ci daga hannuna da ya ci na kasuwa. Ya ce shekarun nan duka bai taɓa roƙona komai ba. Gaskiya ne, bai taɓa ba. Tabawa ta zo da ƙwaryarta tana washe baki, ta ce ta san zan dawo hanya.

Jikin ya fara dawowa. Kumatu sun ciko, riguna sun zauna. Wanzami ya dawo da askarsa ta kullum. Mata suna tare ni a hanya suna min barka, wai Alhaji ya murmure, ashe shawara ce ta kama shi. Tabarma ta dawo ƙofarmu ba tare da kowa ya ce komai ba, kamar ba ta taɓa tashi ba.

Ran Alhamis kwanona ya dawo tas, har an suɗe gefen. Na zauna da shi a cinya na yi kuka har Umaima ta tsorata. Shi kuwa ya shigo yana dariya irin wadda na manta yana da ita, yana ba ni labarin wai Sabi’u ya ce an sako Malama daga kaso.

Ciwon ya dawo. Ba ya faɗa, amma ina gani. Tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya, ya yi kamar yana gyara takalmi, ko ya riƙe wani da gaisuwa mai tsawo har abin ya sake shi. Mutane suna cewa Alhaji ya ƙara son jama’a.

Kullum in na ɗebo man a cokali sai in rage, in ya fita in ga kamar na ci amanarsa, in na cika kuma in ga kamar ina haƙa masa rami. Na rasa inda zan tsaya. Kada ki ƙara rubuto masa, ba ya da amfani. Ni dai ki riƙa rubuto min.

Taki,
Zaituna.

Aliero,
30 ga Nuwamba, 1997.

Helen,

Ina gaishe ki da Malam Bulus da yara. Na san saƙo ya riske ki, na kuma ga naki na ta’aziyya, Allah ya bar zumunci. Kin ce in gaya miki yadda abin ya faru. Ina cikin takaba, ba inda nake zuwa, lokaci kam ina da shi.

Da safe ne, a fadama, ana dashen albasa. Ya karya da fura, ya fita yana tsokanata a kan na cika gishiri a miyar jiya. Masu aikin sun ce ya sunkuya zai ja igiyar injin ban-ruwa, ya ja sau ɗaya, ya dafe ƙirji ya zauna. Ya yi kalmar shahada da bakinsa. Kafin a samo mota ya cika. Ina aji aka zo kirana.

Malam Muhammadu na’ibin liman ne ya yi masa wanka, da Sabi’u. Na kasa zama, na aika a dubo min, ki gafarce ni, abin da ya dame ni ke nan a wannan lokacin. Da hannunsu suka wanke shi, Helen. Ba leda. Malam Muhammadu ya fito yana gaya wa jama’a cewa jikin Alhaji Sanusi cike yake, sumul, ba tabo ko ɗaya, sai ka ce barci yake. Wajen ɗaukar makara har turereniya aka yi. Mutane daga Jega, daga Maiyama, daga Kashin Zama, sahu ya kai bakin titi. Waɗanda suka janye hannu daga kwanonsa su ne a gaba, suna kuka, kuma na yarda kukan gaskiya suke yi.

A zaman makoki magana ɗaya ake ta maimaitawa, mutum lafiyarsa lau, da jikinsa da ƙarfinsa, ajali dai ba ya sallama. An ce Allah ya wanke shi daga bakin mutane. Na buɗe baki sau ɗaya na ce maiƙon jini ne ya toshe masa zuciya, wata gwaggonsa ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, zafin rashi ne ke sa ni sambatu. Ban sake ba. Gidan ya cika da kwanukan abinci daga maƙwabta, kowanne mai yana yawo a kai, matan da suka ƙi moɗata suna ci da ni a kwano ɗaya.

Ranar addu’ar bakwai Inna ta kira ni ɗakin da ta sauka. Na shiga ina jiran faɗa, na ma fi son faɗan. Sai ta kamo hannuwana biyu ta riƙe. Ta ce ta zalunce ni a baya, in yafe mata. Ta ce, “Ɗiyata, ke kim maido min da ɗana mutum kahin shi tahi. Da hannunga naki kinka yi shi. Allah shi yi miki albarka.” Ta yi ta shafa su tana sa musu albarka, ni kuwa ina tsugune ina cewa amin.

Ya sami abin da ya nema, Helen, ko ɗaya bai rasa ba. Ni ce aka bari da hannuwan.

In kin sami hutu ki zo. Ki zo ko ba za ki ce komai ba, ina son in zauna da mutum ɗaya da ya san abin da ya kashe shi.

Taki,
Zaituna.